Haƙarƙarin rago ya bushe a wuta: tukunya, madambaci, takarda ko turmi?

Washegarin Sallar Layya, in aka sauke rago daga itacen gashi aka zo rabo, cinya da kafaɗa sukan fito yadda ake so. Haƙarƙari kuwa sau da yawa sai a tarar ya ƙandare, wuƙa na zamewa a kansa, in aka kai baki ya yi ta ja kamar ƙirgi. Duk wanda ya dubi yadda muke gashi a Maradi ya san dalili. Ana buɗe ragon ne a gicciye shi a kan sanduna, a kafa shi a gefen wuta tun da rana har dare ya yi nisa. Cinya na da kauri, tana buƙatar waɗannan awoyin duka. Naman da ke kan haƙarƙari bai wuce kaurin yatsa ɗaya ko biyu ba, kuma shi ne ya baje ƙirji yana kallon wuta, ga hayaƙi ga iska suna tsotse shi. Haka abin yake da naman banda, da balangun da ya kwana.

Uwargida, kafin ki ɗora tukunya, yanko ƙashi ɗaya ki duba, domin taurin iri biyu ne, kuma maganin ɗaya shi ne ke ƙara lalata ɗayan.

Na farko shi ne wanda bai kai ba. Bayansa ya yi baƙi ya bushe, amma naman ya manne wa ƙashi gam, in kika ja yana miƙewa kamar roba, kina ganin farar jijiya a tsakanin tsoka, kitsen kuma yana nan fari da ƙarfinsa. Wuta ce ta yi yawa ta ƙone waje kafin ciki ya nuna. Jijiya da tantanin da ke cikin haƙarƙari ba sa narkewa sai zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya kuma daɗe a haka, kuma haƙarƙari ba ya yin laushi sosai sai cikinsa ya kai wajen digiri 90 zuwa 95. In sun narke, su ne ke zama wannan danƙon da ke manne leɓe a romon ƙafa. Wannan irin yana gyaruwa sarai, lokaci da laima kawai yake nema.

Na biyu shi ne wanda ya wuce. Naman ya janye daga bakin ƙashi, yana tsagewa zare-zare, in aka tauna sai ya watse a baki kamar dusa, ba maiƙo ko kaɗan. Ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, kuma daga digiri 60 zuwa sama tsokar takan takure ta matse ruwan, kamar yadda ake matse wanki. Tsokar da ta takure ba ta sake shan ruwa, ko kwana ta yi a tukunya. Abin da za a iya yi mata shi ne a shafe zaren da maiƙo da danƙon romo, ko a sauya mata kama gaba ɗaya.

Sau da yawa gefe ɗaya na ragon yana ɗauke da duka biyun: wajen ƙashin baya mai kauri bai kai ba, gefen ciki mai sirantaka ya wuce. Ki raba su da wuƙa, kowanne ya bi hanyarsa.

Kowace hanya za ki bi, akwai aikin minti 5 da ba a tsallakewa. Ki juya bayan haƙarƙarin, wajen da ke kallon cikin dabba, za ki ga wani tantani mai sheƙi ya bushe kamar leda. Ki sa bakin cokali a ƙarƙashinsa, ki kama da tsumma mai tsabta ki yaye shi, don ba ya dahuwa kuma yana tare ruwa. Ki kankare inda ya ƙone ya zama gawayi, in ba haka ba ɗacinsa zai bi romon duka. Ki ɗanɗana gishiri, saboda naman da ya bushe gishirinsa ya taru. Sannan ki shinshina kusa da ƙashi, a wuri mafi kauri. A ƴan shekarun nan Layya na faɗowa a watan Mayu ko Yuni, lokacin da zafin Maradi bai gama sauka ba, kuma naman da bai nuna har ciki ba yana iya juyawa a dare ɗaya. In akwai tsami, ko yauƙi, ko kore-kore a jikin ƙashi, to babu hanyar da za ta cece shi. Tafasa na kashe ƙwayoyin cuta, amma akwai dafin da wasunsu ke bari wanda wuta ba ta kashewa.

Tukunya da romo

Ga haƙarƙarin da bai kai ba, wannan ita ce hanyar da ta fi yafe kuskure. A kilo 1, ki yanka shi ƙashi biyu-biyu. Ki yanka manyan albasa 2, irin ta Galmi in akwai, don tana narkewa ta ba romo jiki, ki shimfiɗa a gindin tukunya mai kauri. Tukunyar dalma ta ƴan ƙira ta fi ta shago mai sirantaka, wadda ke kamu tun ruwa bai yi nisa ba. Ki jera naman a kan albasar, tsoka na kallon ƙasa. Ki zuba romo kamar mililita 350, wato ya kai rabin tsayin naman kada ya shanye shi. Ki sa tafarnuwa ƙwaya 4, citta gwargwadon babban yatsa, masoro kaɗan, kimba ɗaya da aka fasa. Gishiri da dunƙule ki bari sai ƙarshe.

Wane romo? A nan ne Layya ta yi miki gata, don kai da ƙafafuwan ragon suna gida. Romon ƙafa cike yake da wannan danƙon da haƙarƙarin ke buƙata, kuma bambancinsa da ruwan famfo a bayyane yake: ruwa zalla jan ɗanɗanon naman yake yi ya bar shi salam, romon ƙafa kuwa ƙara masa yake yi. In babu, ruwa da cokali 2 na kitsen rago ko man shanu zai yi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen wuta. Da zarar ya tafasa ki rage, ki rufe ruf. Abin da ake so shi ne kumfa na tasowa ɗai-ɗai a gefen tukunya. In yana ɓararraka, tsokar za ta ƙara takurewa, romo ya ƙafe kafin jijiya ta narke, ki wayi gari da naman da ya dagargaje a waje amma yana shaƙe maƙogwaro. A kan gaz, mafi ƙanƙantar wuta. A kan gawayi, ki janye rabin garwashin ki bar na gefe. Bayan minti 45 ki juya naman, ki duba ruwa, in ya ragu ki ƙara mai zafi rabin kofi. Daga awa 1 zuwa awa 1 da rabi zai kai. Gwajinsa: ki kama ƙashi ki murɗa, in ya juya a cikin naman ba gardama, ya yi. Ki sauke ki bar shi minti 15 a cikin romonsa a rufe. Wannan hutun ba ɓata lokaci ba ne, a lokacin ne romon ke yin kauri ya kama jikin nama.

Abin da za ki rasa shi ne kamannin gashi. Ɓawon nan mai ƙamshi zai jiƙe, ƙamshin hayaƙi kuma ya koma cikin romo, sai abin ya zama ɗan'uwan farfesu. In maigida da baƙinsa gasasshe suke jira, ki tsame naman ki bar shi ya tsane, ki shafa kitse, ki ɗora a kan garwashi mai ƙarfi minti 2 kowane gefe, ki barbaɗa yajin ƙuli. Kada ya wuce haka, kada a koma gidan jiya.

Shi kuwa wanda ya wuce, in kika yi masa awa guda a tukunya sai dai ya ƙara zama igiya. Nasa daban ne. Ki zare naman daga ƙashi, ki yanka siri-siri a gicciyen zare, ki dafa romon shi kaɗai har ya yi kauri da maiƙonsa, ki kashe wuta, sannan ki zuba naman ki rufe minti 15 zuwa 20. Sai dai ki tabbata ya ɗauki zafi har ciki, yana tururi, kafin a kai gaban mutane. A ci da romon, da shinkafa ko burodi. A faranti busasshe asirinsa tonuwa yake yi.

Madambaci

Tururi yana yin aikin da romo ke yi ba tare da ya wanke naman ba, shi ya sa muka fi son shi ga haƙarƙarin da gashinsa ya yi kyau, yajinsa ya zauna, tauri ne kawai matsalarsa. Ki zuba ruwa lita 1 da rabi a tukunyar ƙasa, ki ɗora madambaci, ki toshe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma yadda ake yi wa dambu. Ki shafe naman da kitse ko man gyaɗa cokali 2, ki jera shi kada ki danne, a bar wa tururi hanya. A nan, saɓanin tukunya, wuta mai ƙarfi ake so. Minti 50 zuwa awa 1 da kwata, gwargwadon kauri. Kitsen da ke ɗiga cikin ruwan ƙasa kada a zubar, ya isa a dafa shinkafa da shi.

Tururi ba ya ƙara wa nama komai, laushi kawai yake sa shi. Saboda haka naman jar akuyar Maradi, wanda dama ba shi da kitse sosai, yakan fito daga madambaci da laushi amma ba armashi. Haƙarƙarin balamin da aka yi wa kiwon gida, mai kitse a tsakanin tsoka, shi ne ke jin daɗin wannan hanyar. Kuma tana cin wuta fiye da tukunya, mai lallaɓa butalin gaz ɗan kilo 6 ta lura.

Naɗi a takarda

Masu balangu sun daɗe da sanin wannan. In nama ya gasu sukan tara shi su lulluɓe da takarda a gefen wuta, ya yi gumi a cikin maiƙonsa. A gida, takardar alminiyom ta fi dacewa. Ki ninka ta biyu, ki zuba a kai cokali 2 na kitse ko man shanu, rabin albasa, da romo cokali 5. Ki kwantar da naman, tsoka a kan maiƙon, ƙashi a sama, ki naɗe ki danne bakin tsaf. Bakin ƙashi yakan huda takarda, kuma ƙaramar huda ɗaya ta isa ruwan ya tsere naman ya ƙara bushewa, don haka ki ƙara ninki a wajen. A tanda, digiri 140 zuwa 150, awa 1 da rabi, har awa 2 in yana da kauri. In gawayi ne, ki ture garwashi gefe ɗaya, ƙunshin a ɗaya gefen, ki kifa tsohon kwano na ƙarfe a kai, kina juyawa duk minti 20.

A cikin duka hanyoyin, ita ce ke dawo da abin da ya fi kama da gasasshen nama, ƙamshin hayaƙinsa na nan, siffarsa na nan, ana iya kai shi gaban surukai. Ita ce kuma ta fi neman ido, don ba ki ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma zafin gawayi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kin ji ƙunshin yana ƴar ƙara a hankali, lafiya. In ya yi shiru, ko ƙauri ya fara tashi, ruwa ya ƙare, ki buɗe ki ƙara. Takardar buhun siminti da jarida ba na abinci ba ne, ƙurar siminti da tawada suna bin maiƙo su shiga nama. Lemun tsami kuma ki bari sai an buɗe, don tsami na cin alminiyom ya bar ɗanɗanon ƙarfe.

Ga naman da ya ɗan wuce, ba can ba, naɗi na taimakawa in aka ninka kitsen aka rage lokaci zuwa minti 30.

Tukunyar matsi, wadda a nan muke cewa kokot, ta mai sauri ce. Zafin cikinta na kaiwa wajen digiri 120, jijiyar da ke cin awa da rabi a tukunya sai ta narke a minti 15 zuwa 20 daga lokacin da ta fara huci. Romo mililita 250 ya isa kilo 1. In lokaci ya cika, ki kashe wuta ki bar ta ta huce da kanta minti 10 zuwa 15. In kika saki iskar da gaggawa, ruwan cikin naman yakan tafasa ya fice, ki buɗe ki tarar da abin da kika gudu. Tsakanin ya yi da ya ragargaje minti 5 ne kacal, kuma ba damar leƙawa. Mu a ganinmu kokot ta haƙarƙarin sa ce da tsohon rago mai taurin kai. Na ɗan rago ko wanda ya riga ya wuce, kada ya shiga.

Turmi

In naman ya bushe ƙamas, yana karyewa a hannu, gaskiyar magana a daina neman mayar da shi gasasshe. Bushewar da ta zama aibi a faranti ita ce rabin aikin dambun nama. Kilo 1 na haƙarƙari, bayan an cire ƙashi, da wuya ya ba da fiye da rabin kilo na tsoka, don haka gara a haɗa da sauran guntayen da suka bushe, na wuya da na ƙwauri.

Ki zare naman, ki ware guringuntsi da ƴan tsinin ƙashi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, don a turmi sukan farfashe su ɓuya, kuma yara ne suka fi cin dambu. Ki sa a tukunya da ruwa kofi 1, albasa 1, citta, tafarnuwa da tattasai, ki dafa a ƙaramar wuta har ruwan ya tsotse, kamar minti 25. Tun da zafinsa ki daka, in ya huce ba ya dakuwa. Daka ta lallashi ake yi, ana yi ana wargazawa da yatsu har ya zama kamar auduga. Sannan ki soya a man gyaɗa, kamar ludayin miya 1 ga rabin kilo, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa ba tsayawa, minti 20 zuwa 30. In kumfar man ta kwanta, ƙarar suyar ta koma shiru-shiru, launi ya zama ruwan zuma, ruwa ya fita. Ki tsane man, ki baza a faranti ya huce sarai kafin ki rufe. Dambun da aka rufe da ɗumi gumi yake yi ya yi funfuna. Ƙamshin hayaƙin da ke jikin haƙarƙari yana ba shi wani daɗi da dambun dafaffen nama ba ya samu.

Wadda ba ta da ƙarfin daka, ta zare naman ta ajiye shi a matsayin na miya. Rabin kofi a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a zuba minti 20 kafin a sauke, yana yin aikin da bandar kifi ke yi. Ƙasusuwan ma a tafasa su awa 1, romonsu ya shiga miyar.

Akwai dabarun da ake yaɗawa na saurin laushi. Kanwa tana sassauta nama, gaskiya ne, amma tana duhunta shi ta bar ɗanɗano kamar na sabulu, kuma gasasshen nama ya fi nuna hakan. In dole ne, ɗan ruwanta rabin ƙaramin cokali a kilo 1, a tukunya kawai. Ganyen gwanda da ɗanyar gwanda a kan ɗanyen nama suke aiki, a kan wanda ya gasu sai dai su sa bayansa ya yi laɓo-laɓo ciki na nan da taurinsa. Jefa ƙwayar farasitamol a tukunya kuwa, wanda ake jin wasu na yi, wannan ba dabarar girki ba ce. Magani ne mai awo, yawansa na lalata hanta, kuma ba wanda ya san nawa ya shiga cikin wa.

Wani abu da ya kamata ya shiga lissafi tun kafin zaɓi shi ne ajiya. Bushewar nan da ake kuka da ita, ita ce ke tsare naman daga lalacewa. Da kin mayar masa da laima, ta tukunya, ta madambaci ko ta takarda, ya koma dafaffen nama kamar kowane: a ci shi cikin awa 1 a wannan zafin, ko ya shiga firigo, inda zai yi kwana 3 in wuta ba ta yi ta ɗaukewa ba. Don haka ki gyara iya na cin yau. Gidan da ba firigo, kuma haƙarƙarin ya fi ƙarfin cin yini ɗaya, turmi da kaskon suya ne nasa, ko da naman irin wanda bai kai ba ne: a dafa shi ya yi laushi tukuna, sannan a daka. Dambun da ya soyu ya bushe da kyau yana yin makonni a gwangwani mai murfi, muddin cokali busasshe ake sa masa.

Duk lokutan da muka ambata na rago ne matsakaici. Haƙarƙarin sa yana neman ninkinsu, awa 2 da rabi zuwa 3 a tukunya, minti 35 zuwa 40 a kokot, da ƙarin romo don kada ya ƙafe a hanya. Na akuya lokacinsa ɗaya da na rago, sai dai a ninka masa kitse, kuma kitsen da ya fi dacewa da shi shi ne na marar ragon da aka narkar aka tace tun ranar yanka.